Kazar Goggo a Gidan Mako Guda

Tambuwal,
Litinin, 5 ga watan Mayu.

Zuwa ga Yayana Gazali,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙanwa ke yi wa yayanta, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Rauda da yara duka. Allah Ya tsare ku a can Fatakwal, Ya sa albarka a cikin aikinka, Ya raba ka da sharrin ruwa da na ƙarfe. Mu nan lafiya lau muke, sai zafi da ya tsaya mana a ka, kowa ido a gabas yana jiran hadari. Maigidana Malam Rufa'i ya gama sharar gonarsa ta Jabo, kullum sai ya hau babur ya je ya duba ta kamar wani zai naɗe ta ya gudu da ita. 'Yata Batula ta yi wawulo, yanzu ba ta dariya sai ta rufe baki da hannu. Mun koma makaranta makon jiya, an ƙara mini ajin koyarwa, ba a ƙara mini komai a albashi ba. Goggo kuma lafiyarta ƙalau, ƙafar ce dai ke taɓa ta in ta daɗe a tsaye, kuma ka san ba ta iya zama.

Kada ka yi mamakin ganin takarda da rubutun hannuna. Na san in na kira ka minti uku ne za ka ce kana kan aiki, ni kuwa maganata ta fi minti uku. Zan ɗauki hotonta in turo maka ta waya, don haka ba ka da hujjar cewa ta ɓata a hanya. Maganar gidan hutun nan ce na Kebbe. Yau kwana ashirin da huɗu ke nan ba ka kira Goggo ba, ita ce ta ƙirga, ba ni ba. Kuma Alhaji Maccido mai lambun ya gaya wa Malam cewa ka ba shi umarni ya sayar da makon da ka saya mata, har ya sami mai so, ranar Juma'ar nan za a sa hannu. Goggo ba ta san da wannan ba, ni kuma ban da bakin gaya mata. Kai rabin labari ka ji ka yi fushi. To ga sauran rabin, ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke hukunci.

Da farko dai laifin namu ne, ni da kai. Kai ka ga irin wannan tsari a can wajenku, inda mutum ke sayen mako guda a shekara a gidan hutu, makon nan nasa ne har abada, in ya so ya shiga, in ya so ya ba da haya, in ya mutu magada su gada. Da ka ji Alhaji Maccido ya gina irinsa a lambunsa na bakin gulbi, sai ka ce matar da ta raine mu tun rasuwar Inna ta cancanci ta zauna mako guda ba ta hura wuta ba. Niyya mai kyau, Allah Ya ba da lada. Amma sai ka bar mini bayanin, ni kuma na yi shi a tsaye ina sauri. Na ce mata gidan nata ne amma na mako guda, sauran makonni na wasu ne. Ta dube ni kamar na sha wani abu, ta ce, "Ni abu biyu nis sani, saye da haya. In an saya, nawa na. In haya ta, a faɗa man." Na ce an saya. Ta ce to magana ta ƙare. Ni kuma na ce a raina in mun je ta gani da idonta za ta gane.

Ranar Asabar ta bayan ƙaramar Sallah muka tafi, da yake muna hutun makaranta. Yaya, da ka ga kayan da muka loda, da ka rantse tarewa za a yi. Tukwane uku, turmi da taɓarya, buhun gero, tabarmi biyar, da tulunta don ta ce ruwan firji yana kashe mata haƙora. A kan cinyarta kuma ƙwarya cike da ƙaiƙayi, da ƙwai goma sha ɗaya a ciki, da jar kazarta ɗaure a gefe. Kazar ta gama saka tana shirin kwanci, Goggo ta ce ba za ta bar ta a gida muzurun maƙwabta ya yi Sallah da ita ba. Na yi magana, ta ce wanda zai je gidansa ba ya neman izinin tafiya da kazarsa.

Gidan kuwa ya yi kyau, ba ka yi asara ba. Ɗaki biyu ne da falo da ɗakin girki, ga fanka mai aiki da hasken rana, ga mangwaro ya nuna har yana faɗowa a bakin ƙofa, da yamma iska na tasowa daga gulbi. Mai kula da wurin wani dattijo ne, Malam Na'iya, mutum mai sanyin hali. Ya karanta mana ƙa'idoji: mutum shida ne iyaka, ba a hura itace a ciki, ba a kawo dabbobi. Yana cikin karanta na ƙarshen kazar ta kuɓuce, ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa, ta shige kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Goggo ta bi ta da ƙwaryar ƙwai ta ajiye mata, kaza ta gyara zama ta kwanta. Malam Na'iya ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu, ya ce Allah Ya ba mu hutu lafiya.

Hutu kam ba a yi shi ba. Kafin Lahadi da yamma labari ya kai Kebbe da Fakku cewa ɗan Goggo ya saya mata gida, sai ga dangi babur bayan babur suna zuwa barka da arziki. Wasu ban taɓa ganinsu ba, amma kowa ya san sunan kakanmu. Goggo ta kafa murhu a gindin mangwaro, ta yi tuwo, ta dama fura, ta raba goro. Murhun gas ɗin da ke ciki kuwa ta ɗora masa tulu. Ranar Talata na ga Malam Na'iya a bakin ƙofa yana ƙirga takalma, da ya kai talatin sai ya daina, ya karɓi kwanon tuwonsa ya koma inuwa. Ban taɓa ganin Goggo cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba. Duk wanda ya shigo sai ta zagaya da shi ɗaki ɗaki, ta kunna masa fanka ta kashe, ta ce aikin Na Fatakwal ne. Ka san har gobe ba ta faɗin sunanka, kai ne ɗan farinta ko da ba ita ta haife ka ba.

Ranar Juma'a abin ya lalace. Bayan an sauko masallaci, falo cike da mata, Malam Na'iya ya yi sallama ya ce yana tuna wa Goggo gobe da hantsi za a ba da makulli, don mai mako na gaba za ta iso da azahar. Da ladabi ya faɗa, amma a gaban mutane ya faɗa.  Wata daga Fakku ta tambaya a hankali ko dai gidan haya ne. Na ga fuskar Goggo ta sauya, kunya ta kama ta irin wadda ban taɓa gani ba, ni kuma na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da baƙi suka watse ne ta faɗi maganar da aka kawo maka, cewa gidan da ake korar mutum ranar Asabar ba gida ba ne, ka sayar da abinka. Ta faɗa, ba zan ce ba ta faɗa ba. Amma wanda ya yi saurin kiran ka ya gaya maka, bai gaya maka cewa tana faɗa tana share hawaye da bakin mayafi ba. Ba kyautarka ta raina ba, Yaya. Mutuncinta ne ta ga ya zube a gaban mutanen da ta kwana shida tana yi wa alfahari da kai.

Da safe muka ɗaure kaya, sai aka zo kan kaza. Ka san kaza in ta yi mako tana kwanci aka ɗaga ta, ta bar ƙwan ke nan, kuma saura mata mako biyu cur. Goggo ta ce ita an kore ta ta ji, amma ba za a kashe rai goma sha ɗaya saboda takarda ba. Ta sa aka fitar da kaya duka, ta ba da makulli, ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro ta zauna jiran wadda ta kira mai ƙwace gida. Na yi lallashi har na gaji. A raina na ce yau za a yi abin kunya na biyu, wanda ya fi na jiya.

Da azahar sai ga mota ta tsaya, wata dattijuwa ta fito tana dogara sanda. Hajiya Bara'atu ke nan, mutuniyar Dogon Daji, ungozoma ce ta asibiti da ta yi ritaya, 'ya'yanta suka haɗu suka saya mata nata makon. Goggo ta miƙe ta gaishe ta a daƙile, ta zayyana mata batun kaza tana shirin faɗa. Hajiya ta shiga ta durƙusa da ƙyar ta leƙa kabad, kaza ta hura mata wuya. Sai ta yi dariya ta ce, "Shekara talatin da ɗaya ina amsar haifuwa, ban taɓa tada mai jego bisa gado ba. Ba ni farawa da kaza." Goggo ta rasa inda za ta sa faɗan da ta tanada. Kafin la'asar suna kan tabarma ɗaya suna shan fura, har sun gano cewa kakar Hajiya 'yar Tambuwal ce. Suka yi yarjejeniya irin ta kiwo, Hajiya ta kula da kaza makonta, in an ƙyanƙyashe tana da rabo.

Saboda haka ba mu koma Tambuwal ba. Muka sauka gidan Inna Zahara'u, 'yar'uwar Goggo, a cikin Kebbe, kullum da hantsi Goggo ta hau kabu-kabu ta tafi duba mai jego. Tun tana cewa minti goma za ta yi, har ta koma sai la'asar. Hajiya Bara'atu ta manna takarda a ƙofar kabad irin ta gadon asibiti, tana rubuta lokacin da kaza ta fito ta ci ta sha da lokacin da ta koma. Abin da ya ba ni dariya, a makon nan ne Goggo ta huta. Tunda gidan ba a hannunta yake ba, baƙuwa ce, ba mai barin ta ta taɓa tukunya. Na same ta ran nan kwance a doguwar kujera, fanka na kaɗa ta, tana barci da rana tsaka baki buɗe. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin haka ba.

Mako na uku ne ya ba mu wuya. Mai makon bai zo ba, ya ba da haya ga wani ma'aikacin banki daga Birnin Kebbi, Shafi'u, da matarsa Khairiyya. Yarinya ce 'yar birni, mai tsabta har da ta wuce misali. Tana buɗe kabad kaza ta sare ta a hannu, ta yi tsalle ta fito waje. Ta ce su gida suka kama da ɗakin girkinsa, ba akurki ba, kuma gaskiyarta ne, ban ga laifinta ba. Aka kira Alhaji Maccido, ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, ya riga ya kau da kai da yawa. Goggo ta cire girma ta roƙi yarinyar da ta yi jika da ita. Khairiyya ta ce ta yarda zuwa Alhamis kawai, domin ranar Juma'a abokan mijinta za su zo cin abinci, ba za ta yi girki kaza na kallon ta ba. Kwanakin nan Goggo ba ta cin abincin kirki. Kwana biyu kacal za su rage a ranar, amma kwana biyun nan su ne duka aikin.

Ranar Alhamis muka je da ƙwaryar ƙaiƙayi don cika alkawari. Goggo ta durƙusa ta zura hannu ƙarƙashin kaza, ta zaro ƙwai ɗaya, ta kai kunnenta ta saurara. Sai ta yafito Khairiyya, wadda ke tsaye nesa da hanci a toshe, ta ɗora mata shi a kunne. Ni ina kallon fuskar yarinyar. Ɗan tsakon yana ƙwanƙwasa ɓawo daga ciki, har da ɗan kuka siriri. Ta daɗe a haka, sannan ta tambaya a hankali ko in an ɗauke su yanzu za su mutu. Goggo ta ce Allah ne masani, amma galibi haka ne. Khairiyya ta karɓi ƙwan da hannu biyu ta mayar da kanta, kaza ta sake saran ta, ko a jikinta. Ranar Juma'a a murhun Goggo na gindin mangwaro aka yi wa ma'aikatan banki girki, hayaƙi na sa Khairiyya hawaye tana dariya, kuma sun ce ba su taɓa cin miyar da ta kai ta ba.

Asabar da safe, ana saura awa biyu su ba da makulli, tara suka fito, biyu suka yi bara-gurbi. Hajiya Bara'atu ta sa aka kawo ta tun daga Dogon Daji don ta ga 'ya'yanta. Aka yi rabo a gindin mangwaro: Hajiya biyu, Khairiyya biyu, Malam Na'iya ɗaya ladan kau da kai, Goggo huɗu. Sai sun yi wayo kowa zai ɗauki nasa, yanzu suna nan gida tare da uwarsu suna cika mana tsakar gida. Khairiyya kullum sai ta kira ta ce a nuna mata nata ta waya, har ta raɗa musu suna.

A wurin ne Goggo ta tambayi Malam Na'iya wai su nawa ne masu gidan. Ya ɗauko littafi ya karanto mata sunaye mako bayan mako, malamin makaranta daga Yabo, mai sayar da taki daga Jega, wata gwauruwa daga Sakkwato, har mutum arba'in da wani abu. Tana ji tana gyaɗa kai, wani ta ce ta san ubansa, wani ta ce a sake faɗa mata garinsu. Da ya gama sai ta ce, "Ashe maƙwabta yas sai man. Na gida suna dama da hauni, waɗanga ko suna gaba da baya." Tun daga ranar ba ta sake cewa an kore ta ba. Ta sa Malam Na'iya ya nemo mata lambar wanda makonsa ke gaban nata, ta kira shi ta gaishe shi, mutumin bai san hawa ba bai san sauka ba. Ta bar tulunta a gidan ta ce duk wanda ya zo ya sha. Ita da Hajiya har sun shirya baɗi za su haɗa makonninsu, kowace ta yi baƙunta a na 'yar'uwarta, su sami mako biyu. Matar Fakkun nan da ta tambaya ko haya ne, Goggo ta aika mata da bayani mai tsawo, wanda ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba.

To ka ji abin da kake shirin sayarwa ranar Juma'a. Na san ranka ya ɓaci, ka tara kuɗinka ka yi abin alheri aka ce ka kwashe abinka. Amma tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma ka san Goggo ba za ta kira ka ta ba ka haƙuri ba, ko da za ta shekara tana juya waya a hannu. Babba ce, kuma kai ma taurin kan nan a wurinta ka sha shi. Ni na gaji da zama tsakaninku, kowa na tambayata lafiyar ɗaya a kaikaice. Ina jin tsoron ranar da za ta ji an sayar, domin a wannan karon da gaske ne za a kore ta, kuma kai ne za ka kore ta.

Abu ɗaya ya rage ban gaya maka ba. Kafin mu baro gidan ranar rabon, na neme ta na rasa, sai na same ta a ɗaki na biyu, wanda ba a kwana a ciki ba a makonmu, sai kaya. Ta sunkuya tana auna gadon da taƙi, daga kai zuwa ƙafa, ta sake aunawa. Ba ta san ina tsaye ba. Ta kira Malam Na'iya ta ce masa, "Gadon ga ya yi ma dogon mutum kaɗan. A ƙara mai taƙi guda kamin baɗi." Ya tambaye ta wane ne dogon, ta ce shi dai ya ƙara. Yaya, duk zuriyarmu kai kaɗai ne dogo, kuma shekara huɗu ke nan rabonka da gida. Ka fara kiran Alhaji Maccido, sannan ka kira ta. Ba sai ka ce komai a kan abin da ya wuce ba, ka tambaye ta lafiyar kaza kawai, sauran ita za ta yi.

Ka gaishe mini da Anti Rauda da kyau, ka ce mata na gode da atamfar Sallah, an ɗinka ta yi kyau. Ka shafa mini kan Attahiru da Maimuna, ka ce su dage da karatu. Malam Rufa'i yana gaishe ka, Batula tana gaishe ka da bakinta a rufe, Inna Zahara'u ta ce a gaya maka ta yi fushi amma tana sa maka albarka. Goggo ba ta san ina rubutu ba, saboda haka ba ta ba da saƙo ba, amma ka san da wanda za ta fara. Allah Ya ƙara zumunci, Ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Mas'uda.